Ana Son Kiɗa, Ana Ƙin Makaɗi

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar Sabo ta Badun da daddare, ko Agege, ko Idi-Araba, ko zangon goro na Shagamu, ya san akwai wata murya da ba ta yankewa a wuraren nan. A teburin mai shayi Shata ake ji. A tukubar mai tsire kalangu ne ke tashi daga 'yar rediyo ko daga wayar hannu. Mai gadin da ke kwana a bakin ƙofar wani attajiri a Ikko ba shi da abokin hira sai kuntigin Ɗan Maraya. Mutumin Itas, ko na Gadau, ko na Azare, wanda ya bar gida ya yi tafiyar kwana da yini a bayan tirela don neman abin rufin asiri, in kewa ta taso masa kiɗan nan ne ke mai da shi gida ba tare da ya biya kuɗin mota ba.

To, a sami wannan mutumin a gaya masa ɗan makaɗin garinsu yana neman 'yarsa da aure. Nan take zai murtuke fuska, ya ce su ba sa haɗa iri da maroƙa. A ce masa tsohon da ya buga gangar noma a gonar mahaifinsa yana kwance ba lafiya, an rasa kuɗin magani. Sai ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya ƙara wa rediyonsa murya. Wannan ɗabi'a ta daɗe a ƙasar Hausa har an daina ganin muninta, alhali kuwa zalunci ce tsagwaronta, kuma ga shi ta kusa cinye wata dukiya wadda in ta tafi ba kuɗin da zai komo da ita.

Shekara ɗari biyu ba suna

Malam Zaki ne ya kafa daular Katagum a farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi. A watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, wani Baturen Birtaniya mai yawon ƙasashe, Kyaftin Clapperton, ya iso Katagum daga Barno. A cikin labarin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826, ya faɗi yadda mahayan da aka aiko su tarye shi suka zo da makaɗa da mawaƙa biyu, har ya rubuta wani abu daga waƙar da suka rera, wadda ta mayaƙa ce. Wannan yana cikin tsofaffin shaidun waƙar baka ta Hausa da aka sa a takarda, kuma a ƙasar Katagum aka ji ta. Baturen ya rubuta sunan sarki, amma bai rubuta sunan mawaƙan nan biyu ba.

Ba za a ga laifin baƙo ba, domin wucewa yake yi. Abin tambaya shi ne, 'yan gida fa? Tun daga ranar nan an yi sarakuna, an mai da fadar Katagum Azare a 1916, an ƙirƙiro Jihar Bauci a 1976, an yanka ƙaramar hukumar Itas da Gadau mai hedkwata a Itas. Jerin sunayen sarakuna yana nan a rubuce, haka na hakimai, haka na shugabannin ƙaramar hukuma har da hotunansu a bango. Amma a nemi jerin makaɗan da suka raya wannan ƙasa a ga ko ɗan makaranta zai iya kawo shi. Mutanen da suka riƙe wa kowa sunan kakansa, su ne aka bari nasu sunan ya bi iska.

Aikin da ganga ta yi

Masu cewa kiɗa shiririta ce sun manta da yadda aka zauna a ƙauyukan nan kafin zuwan taraktoci da maganin feshi. Manomin da gonarsa ta fi ƙarfinsa gayya yake kira. Samari su jeru da fartanyoyinsu, mai gangar noma yana biye da su yana kiran kowa da takensa, yana zuga mai ƙwazo, yana yi wa rago habaici. Gonar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da ita sai a tashe ta kafin la'asar. Wanda ya riƙe gangar nan bai kama fartanya ba, amma duk manomin kirki ya san da hannunsa a cikin damin da aka kai rumbu.

Haka abin yake a kowace sana'a. Mahauta suna da kalangu, wanda ke sanar da gari cewa an yi yanka tun ba a ga nama ba. Maƙera suna da dundufa. Mafarauta da 'yan tauri suna da nasu kiɗan da ke tsuma su. 'Yan dambe da 'yan kokawa ba sa shiga fage sai an kaɗa musu take. Mata a cikin gida suna da ƙwarya da shantu, 'yan mata suna da dandali, kuma bayan an gama kaka a yi kalankuwa, samari da 'yan mata su naɗa sarakunansu na wasa su koyi yadda ake tafiyar da jama'a. Da azumi yara su fita tashe suna kwaikwayon halayen manya, a yi dariya, mai kunne kuma ya ji gyara. 'Yan kama su zo da kamannin malamai suna wa'azin tuwo da fura. Fulani suna da bambaɗawansu masu riƙe da asalin gidaje, da makaɗan sharo. A fada kuwa akwai tambura da kakaki da algaita, akwai Sanƙira, akwai zabiya. Ƙasar Katagum, da yake mahaɗa ce tsakanin Hausa da Barno, ta sami rabo daga kowane ɓangare.

Idan aka tattara wannan duka za a ga cewa makaɗi shi ne jaridar ƙauye tun ba a san takarda ba. Shi ne kundin tarihi, domin a bakinsa ake jin wane ya haifi wane, wa ya sari dajin da ya zama gari, wace shekara aka yi fara, wace shekara kogin Jama'are ya yi ambaliya ya ci gonaki. Shi ne kuma ɗan sandan kunya, domin marowaci da azzalumi da mai cin amana sun fi tsoron a sa su a waƙa da a kai su gaban alƙali. Hukuncin alƙali yana ƙarewa ranar da aka biya tara, waƙa kuwa har jikoki sai sun ji.

Duk da haka, da aka zo jera mutane bisa daraja, sai aka ajiye shi can ƙasa. Wani masani ɗan asalin Jamaika, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a rubuce-rubucensa na shekarun 1950 cewa Hausawa suna sa masu sarauta da malamai da attajirai a sama, makaɗa da mahauta kuwa a gindin tsani. Abin da ya gani a Zazzau shi ne a Katagum, kuma fiye da shekara sittin bayan nan tsanin bai motsa ba.

Hujjojin masu raini

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce wai makaɗi maroƙi ne, roƙo kuwa bara ne. Wannan magana ba ta da ƙafa. Mai bara yana miƙa hannu ne ba tare da ya ba da komai ba. Makaɗi kuwa ya yi shekaru yana koyo, tun yana yaro mai ɗaukar ganga, ya zama ɗan amshi, kafin a yarda ya ja waƙa. Ya sayi icen ganga, ya nemi fata, ya ɗaure tsarkiya, ya haddace asalin gidaje ɗari, ya kwana yana tsara magana. Ya zo wurin biki ya yi aiki tun magariba har asuba, muryarsa ta dushe, yatsunsa su yi kanta. Abin da ya sa aikinsa ya yi kama da roƙo shi ne al'ada ba ta yanka masa farashi ba. Magini yana ciniki kafin ya ɗora tubali, wanzami ya san ladansa, makaɗi kaɗai aka ce ya yi aiki tukuna sa'an nan ya jira abin da zuciyar mai gida ta ga dama. Jama'a ce ta ƙi yin ciniki da shi, ta tilasta masa miƙa hannu, ta dawo kuma tana yi masa gorin miƙa hannun.

Hujja ta biyu ta addini ce, kuma ita ce mai nauyi, ba a yi mata wasa. Malamai sun yi magana mai yawa a kan kiɗa tun zamanin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, akwai masu tsanantawa, akwai masu rarrabewa tsakanin kiɗan da ke kai ga alfasha da wanda ake yi don yaƙi ko aiki ko bayyana aure. Fatawa ta malamai ce, shafin jarida ba zai ƙwace musu ita ba. Amma akwai abin da ido ke gani. Daular da jihadi ya kafa ba ta fasa tambura ba, suna nan a fadodinta har yau. Shugabannin jihadin kansu da waƙa suka isar da karatu ga talakawa, cikin Hausa da Fulatanci, kuma Nana Asma'u da waƙa ta ilmantar da matan karkara. Wanda ya ɗauki fatawar haramci, ya toshe kunnensa, ya hana a yi kiɗa a bikin gidansa, wannan mutum ne mai gaskiya, ba wanda zai zarge shi. Wanda ake magana da shi a nan shi ne mai cika wayarsa da waƙoƙi ɗari biyar, mai kaɗa kai a cikin mota, wanda ba ya tuna haramci sai an zo maganar biyan makaɗi ko ba shi aure. Addini bai koya wa kowa ya ci guminsa ɗan'uwansa ya kuma kira shi ɗan iska ba. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Hujja ta uku ita ce makaɗa suna da nasu laifin, kuma wannan gaskiya ce, ba a ɓoye ta. Akwai maroƙan baki da ke tare mutum a bainar jama'a, in bai ba su ba su yi masa zambo har ya rasa inda zai sa kansa. Akwai wuraren kiɗa da suka zama matattarar shaye-shaye da lalata. Akwai mawaƙin da zai wasa ɓarawo ya mai da shi waliyyi saboda an cika masa aljihu. Amma wace sana'a ce ba ta da ɓatagari? An sami ɗan kasuwa mai tauye mudu, ba a ce fatauci haram ne ba. An sami ma'aikaci mai cin hanci, ba a rufe ofis ba. Kuma wanda ya ba mawaƙi mota don ya zagi abokin hamayyarsa, shi da mawaƙin wa ya fi laifi? Ɓera da ɓarna, amma daddawa ma da wari.

Darasi daga maƙwabta

Mazauna Kurmi ba sa bukatar a ba su labari, da idonsu suke gani. Su ma Yarbawa sun taɓa yi wa mabuga gangarsu kallon masu roƙo. Amma gidajen makaɗansu suna ɗauke da sunan Ayan a gaban sunayensu, ba sa ɓoye shi. I. K. Dairo ya karɓi lambar girma daga Sarauniyar Ingila a 1963. Haruna Ishola, mai kiɗan apala, wanda ya rasu a 1983, ya kafa kamfanin buga faifai na kansa don kada wani ya ci guminsa. Sunny Ade, da rigimar kuɗi ta haɗa shi da kamfanin da ke buga faifansa cikin shekarun 1970, har kotu aka je, daga baya ya tsaya da ƙafarsa. Hubert Ogunde ya yi wasan kwaikwayon da ya sa gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa a 1964, ya rasu a 1990, yau gidansa na Ososa ya zama wurin ajiye tarihinsa, ana zuwa gani. Waɗannan mutane sun gane da wuri cewa waƙa dukiya ce, ana rubuta ta, ana ƙidaya ta, ana gadonta.

Arewa ba ta rasa gwanaye ba. Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Anace mai waƙar 'yan dambe, da Kassu Zurmi, da Barmani Coge mai amada, da Haruna Uji mai gurmi na Haɗeja, maƙwabciyar Katagum, kowannensu ya isa a yi alfahari da shi a ko'ina. Lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Ikko a 1977, da hawan daba da aka shirya a Kaduna, da kakaki da tambura da algaita aka yi wa baƙi kwalliya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa a 1999. Ɗan Maraya Jos, wanda ya yi wa karen mota waƙa lokacin da ba mai kallon karen mota, ya zaga duniya da ɗan kuntiginsa kafin ya rasu a 2015. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun ba da rayuwarsu ga tattara tarihin makaɗa, an kuma rubuta littafi guda a kan rayuwar Shata.

Amma waɗannan su ne 'yan ƙalilan da Rediyon Kaduna ya ɗauki muryarsu ya kai ta ko'ina. A bayan kowane ɗayansu akwai ɗaruruwan makaɗan ƙauye da ba a taɓa kafa musu na'urar ɗaukar magana ba. Digirin Shata bai sa an ba ɗan mai kalangun Itas aure ba. An ɗaga mutum ɗaya sama don a samu abin nunawa, an bar sana'ar tana nan inda take.

Kura da shan bugu

Sa'an nan a dubi inda kuɗin ke tafiya. Zamanin faifai, kamfani ne ke ci. Da kaset ya zo, sai kowane mai rumfa a tasha ya sayi guda ɗaya ya kwafi ɗari ya sayar, mai waƙar bai ga ko kwabo ba. Yau an wuce nan. Yaro ya kafa kwamfuta a bakin kasuwa yana tura waƙoƙi a waya, a biya shi. Wani ya ɗora tsohuwar waƙa a intanet, dubban mutane su saurara, kuɗin talla ya faɗa aljihunsa, iyalan mai waƙar suna can suna neman na cefane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka kuwa tana nan. An kafa dokar haƙƙin mallaka a 1988, an sabunta ta da wata da aka sa wa hannu a 2023, kuma ta tanadi haƙƙin mai wasa da na al'adun gargajiya. Amma dokar da aka rubuta da Turanci aka ajiye a Abuja, ina amfaninta ga tsohon da bai san da ita ba, wanda kuma ba shi da ƙungiyar da za ta tsaya masa? A Kano an kafa hukumar tace finafinai tun 2001. Hukuma ta nuna tana da ƙarfin hana mawaƙi faɗin abin da ba ta so. Ƙarfin karɓo masa haƙƙinsa ne har yanzu ake jira a gani.

'Yan siyasa kuwa, na kowace jam'iyya ba a ware ko ɗaya ba, sun fi kowa sanin amfanin mawaƙi. Tun zamanin NPC da NEPU da waƙa ake shiga ƙauyen da takarda ba ta shiga. In zaɓe ya matso sai a nemo mawaƙa, a ɗinka musu riguna, a ɗora su a bayan mota. Da an rantsar da gwamnati sai mai gadi ya hana su shiga ƙofa. 'Yan kaɗan da suka iya zagi sukan sami motoci da gidaje, saura su koma gida da gajiya. Illar wannan ta wuce ta aljihu. Yaro mai basira da ya tashi yau ya duba ya ga waƙar noma ba ta kawo komai, waƙar tarihi ba ta kawo komai, zagin abokin hamayyar mai gida ne ke kawo mota. Wace hanya ake zaton zai bi? Sa'an nan a dawo ana kukan waƙa ta lalace, alhali masu kukan su ne suka sa mata farashi.

Laifin da ke wuyan matafiya

Akwai wani ɓangare na maganar da ya shafi mazauna Kurmi kai tsaye, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Gangar noma ba ta mutu don an hana ta ba. Ta yi shiru ne domin samarin da za ta kaɗa wa sun tafi. Wanda zai ja gaba a gayya yana Ikko yana tuƙa babur, wanda zai shiga fagen kokawa yana Fatakwal yana dako, wanda za a naɗa sarkin samari a kalankuwa yana Anaca yana gadi. Ba wanda zai ga laifinsu, neman halali ne ya fitar da su, kuma kuɗin da suke aikowa shi ke riƙe da gidaje da yawa. Gayya ta koma ƙwadago, maganin feshi ya maye gurbin fartanya, dandali ya zama fili.

Amma in sun komo gida da salla ko don aure, me suke yi? Sai a ɗauko mai na'ura da manyan lasifikoki daga Azare, a yi ciniki da shi tun kafin ya kunna injin, a biya shi cif. Tsohon makaɗin gidan, wanda ya yi kiɗan auren uban ango da na kakansa, ya zo ya tsaya a gefe da gangarsa a rataye. In an ga dama a miƙa masa abin da bai kai kuɗin man janareta ba, a ce ya yi haƙuri. Ɗansa yana tsaye yana kallo. Wannan yaron ba zai ɗauki ganga ba, kuma ba mai hankalin da zai ce ya ɗauka. Ranar da tsohon ya kwanta dama, taken gidaje hamsin da tarihin gari guda sun bi shi kabari.

Abin da ya kamata

Gyaran bai fi ƙarfin jama'a ba. A kowane babban gari na Kudu akwai Sarkin Hausawa, akwai ƙungiyoyin 'yan asalin gari da ke tara kuɗi don kai gawa gida, ko belin ɗan'uwa, ko gina masallaci. Waɗannan ayyukan alheri ne. Ƙungiyar da ta iya wannan ba za ta kasa ware wani abu ba don a bi ƙauyukan Itas da Gadau a zauna da tsofaffin makaɗa da zabiyoyi, a ɗauki muryarsu, a rubuta sunansu da na wanda ya koya musu, a kuma biya su ladan zaman. Wayar da ke aljihun kowane ɗan acaba ta fi na'urar da aka ɗauki Narambaɗa da ita kyau nesa ba kusa ba. Kayan aiki ba su ne matsala ba, niyya ce babu.

Wurin ajiya ma yana kusa. Jami'ar jiha da aka buɗe a Gadau a 2011, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, a cikin wannan ƙaramar hukuma take. Abin kunya ne jami'ar da aka sa wa sunan mai waƙa ta yaye ɗalibai suna nazarin adabin wasu ƙasashe, alhali a ƙauyen da ke bayan katangarta akwai tsohuwar da ta haddace waƙoƙin daka da na niƙa da ba a taɓa rubutawa ba. Ya kamata kowane ɗalibin Hausa da na tarihi ya fita da aikin makaɗi ɗaya a hannunsa kafin a ba shi takardar shaida. Fadar Katagum, wadda ta san darajar tamburanta, ita ta fi cancanta ta ja gaba, ta sa hakimai da dagatai su kawo sunayen makaɗan ƙasarsu, na raye da waɗanda ake iya tunawa. Gidan rediyon jiha ya buɗe tsofaffin faya-fayansa kafin ƙura da zafi su gama da su, kuma in ya sa waƙar mutum ya faɗi sunansa da garinsu.

Su ma makaɗan akwai nasu aikin. Tilas su haɗa kai su yi ƙungiya mai rajista, su yanka wa aikinsu farashi kamar kowane mai sana'a, su kuma tsawata wa 'yan cikinsu masu cin mutuncin jama'a don a ba su. Wanda ya yi ciniki kafin ya fara aiki ba a kiransa maroƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kamfani ko gidan rediyo ba ya jin tsoron mutum ɗaya mai ganga.

Saura maganar aure, wadda ita ce ma'aunin gaskiya. Ba wanda ya ce a ba kowa 'ya don kawai yana kiɗa. A duba addininsa da halinsa da abin da zai riƙe iyali da shi, kamar yadda ake duba na ɗan malam da na ɗan attajiri. In ya cika, a ba shi. In bai cika ba, a hana shi saboda halinsa, kada a ce saboda kakansa ya rataya ganga. Musulunci bai san wani gida da aka haifa ƙasƙantacce ba, kuma duk mai sallar da ya tsaya sahu ɗaya da makaɗi kafaɗa da kafaɗa ya san haka.

Mutumin Arewa da ke zaune a Kurmi ya fi kowa sanin zafin raini. Ya san yadda ake cin tsirensa, a ba shi amanar ƙofa, a hau babur ɗinsa, sa'an nan a kira shi da sunan da ba nasa ba, a ɗauke shi ba a bakin komai ba. Wanda ya ɗanɗani wannan a garin wasu bai kamata ya koma gida ya yi wa ɗan'uwansa irinsa ba. Mawaƙan nan biyu da suka tari baƙo a Katagum a 1824 sun tafi ba suna, kuma ba yadda za a yi a gyara wannan. Waɗanda suka saura a Itas da kewayenta suna nan da ransu, sunansu yana bakinsu, amma shekaru sun ja. In salla ta zo aka hau mota aka nufi gida, sai a tuna da su tun ana iya samunsu. Allah Ya sa kunne ya ji.